A Koyar da Nau'o'in Adabi Tare da Zamaninsu

Ɗalibin da ya shigo sashen Hausa a jami'a kan fara ne da rabe-raben adabi: na baka da rubutacce, sannan zube, waƙa da wasan kwaikwayo. Tushe ne mai kyau. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda darasin ke ta komawa haddar ma'anoni daga 'yan takardun shagon fotokwafi. Sai ka ga ɗalibi yana rattabo sigogin ƙagaggen labari tiryan-tiryan, alhali bai taɓa karanta ko guda ɗaya daga bango zuwa bango ba.

Kowane nau'in adabi akwai buƙatar da ta haife shi. A 1933 Rupert East ya shirya gasar rubutu domin makarantun boko su sami abin karantawa da Hausa. Daga nan muka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wanda ya san haka zai gane dalilin da ya sa ƙamshin tatsuniya da hikayoyin Larabci ya cika Ruwan Bagaja: malamai ne ke gina sabon abu da kayan da suka gada.

Haka waƙa. Nana Asma'u ta yi nata waƙoƙin da ajami domin jajoji, wato matan da ta koyar, su haddace, su kai wa matan ƙauyuka karatu. Narambaɗa kuwa makaɗin fadar Isa ne, kuma habaicinsa yana da waɗanda yake nufa. Ƙirga baitoci da amsa-amo kaɗai ba zai nuna wa ɗalibi wannan bambancin ba.

Adabin Kasuwar Kano ma ya bunƙasa ne a shekarun 1980, lokacin da marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗinsu. Ta wannan ƙofar Balaraba Ramat Yakubu ta kawo maganar auren dole da zaman kishi gaban jama'a. Yau irin wannan rubutun ya koma WhatsApp, kuma ɗalibanmu na karanta shi kullum.

Roƙona ga malamai shi ne su rage jerin ma'anoni. A zaɓi aiki guda daga kowane nau'i, a karanta shi ko a saurare shi gaba ɗaya, a tambaya: wa ya yi shi, don wa, wa ya ɗauki nauyinsa? Ɗalibin da ya iya amsa waɗannan zai fitar da ma'anar da kansa.