Jitar Buzu da Kukan Afirka

A teburin mai shayin bakin layinmu muka fara jin ta, daga wayar wani Buzu maigadi. Wani dattijo ya ce a kashe wannan hayaniyar ta Turawa. Maigadin ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai ɗan Nijar ne." Sai muka gyara zama.

Waƙar ita ce "Afrique Victime", wato Afirkar da aka zalunta, ta Mdou Moctar da ƙungiyarsa, wadda ta fito a 2021. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, mutumin jihar Tawa. Gidansu ba su yarda da kiɗa ba, don haka da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Bahago ne. Abin da zai ba ku mamaki, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, "Anar", a 2008, da irin na'urar lanƙwasa murya ta waƙoƙin finafinanmu. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka bi Sahara, har suka kai kunnen Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds a Amurka.

Su huɗu ne: shi, da Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim mai ganguna, da Ba'amurke Mikey Coltun mai jita mai kaurin murya. Turawa suna sa su a layin masu kiɗan rok mai zafi, suna kwatanta yatsun Mdou da na Jimi Hendrix da Eddie Van Halen. To, ba mu musa ba. Amma mu da muka tashi da kukumar Ahmadu Doka da gurmin Haruna Uji, kunnenmu ya ji wani abu daban. Yadda jitar ke maimaita zance ɗaya tana juya shi, da yadda 'yan amshi ke karɓa, wannan na gida ne. Lantarki kawai aka jona masa.

Waƙar ta haura minti bakwai. Tana farawa a natse kamar tafiyar raƙumi, sai mai ganga ya riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan, ba ka ankara ba ta koma sukuwa. Daga nan baki ya yi shiru, jita ta karɓi zancen, tana kuka tana kururuwa. Nan ne gwanintar take. Saƙon shi ne an zalunci Afirka, kuma shiru halaka ne. Da kalmomi suka ƙare, sai kiɗan ya aikata abin da waƙar ta ce: ya ƙi yin shiru.

Kuma kukan yana da tushe. Daga farkon shekarun 1970, an daɗe ana haƙo yuraniyom a Arlit ana kai wa Faransa, yawancin ƙauyukan Nijar kuwa suna kwana cikin duhu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, a nan Abuja shugabannin Ecowas suka zauna suka sa takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wa Nijar wuta. Su Mdou suna rangadi a Amurka, hanyar gida ta toshe musu. Mu ma mun ji a jikinmu, don wa ke cikinmu da ba shi da dangi ko abokin ciniki a Maraɗi ko Ƙonni?

Sai dai gaskiya ɗaya ce, muna da ƙorafi biyu. Na farko, Bahaushe mai sauraron magana ne. Wajen Shata ko Ɗan Maraya, kiɗa bawan zance ne. A nan kuwa mai neman baiti zai ƙosa kafin jitar ta sauka. Na biyu ya fi nauyi. Waƙar ta ambaci Mandela, ta kuma yi jimamin Gaddafi. Mun san yana da masoya a cikinmu, ya kuma buɗe wa Buzaye ƙofar aiki a Libiya. Amma mutumin da ya riƙe mulki daga 1969 zuwa 2011, yana ɗaure masu sukarsa, ba ya cikin sahun Mandela. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai kukan zaluncin baƙo, ya kamata ya duba na gida.

Duk da haka muna cewa a saurara, musamman samarinmu masu shiga situdiyo su bar wa kwamfuta komai. Ga wanda ya fara daga inda kuke, ya koma ya horar da yatsunsa har duniya ta san shi. Ku kuma iyaye, in kun wuce maigadin nan da rawaninsa da butar shayinsa, ku yi masa sallama ku tambaye shi fassarar waƙar. Zai gaya muku abin da mu ba mu kai gare shi ba.