Ciwon da ke Ɓuya a Gaban Mai Gyara

Injin lasifikar da ya mutu murus ba ya wahalar da mai gyara. A sa mita, a bi wuta tun daga fis har zuwa manyan taransistoci. Inda ta tsaya, nan matsalar take. Wanda ke raba gwani da ɗan koyo shi ne injin da ke yi yana ɗaukewa: ana tsakar magana murya ta shaƙe, bayan minti biyar ta dawo da kanta. A kai shi shago, ya wuni yana aiki garau.

Mubi gari ne na lasifika. Masallatai da majami'u, masu kiɗan biki, masu tallan magani ranar kasuwa, kowa da injinsa: Ahuja ɗan Indiya, TOA ɗan Japan, ƙirar Sin marasa suna, da haɗin gida mai taransistocin 2SC5200 da 2SA1943. Daga Maiha da Michika, har daga tsallaken iyakar Kamaru, nan ake kawo gyara. Yanayin garin kuwa ba ya raga wa injin. Hunturu ya cusa ƙura cikin maɓallin ƙara murya, bazarar Maris da Afrilu ta kusanci digiri 40, damina ta kawo danshi da tsatsa, wuta kuma yau ta gari, gobe janareta, jibi batir.

Galibin ciwon a dalma yake. Taransista kan yi zafi in ana aiki, ta huce in an kashe. Ƙafarta da bod ɗin da aka dasa ta a kai ba sa buɗewa da tsukewa daidai da juna, don haka a hankali sai dalmar ta tsage, tsaga mai zagaye ƙafar kamar zobe, siririya fiye da gashi. Da sanyi gefen biyu na taɓa juna, wuta ta wuce. Zafi na hawa su rabu. Ga kuma dalilin da ya sa injin kan warke a hanya: jijjigar mota daga ƙauye zuwa Mubi ta isa ta sake haɗa tsagar na kwana ɗaya ko biyu. Mai injin bai yi ƙarya ba, mita ma ba ta yi ƙarya ba.

Dabarar da masu gyara suka gada wurin iyayen gidansu ita ce tsokanar ciwon har ya fito. Ogan shago ya kunna injin, ya rage murya, ya juya sukudireba ya riƙa ƙwanƙwasa bod da ƙotar roba, kunnensa na kan lasifika. Inda ya ji ƙarat, sai ya sassauta bugun, ya matse wurin har ya rage ƙafa biyu ko uku. In bugu bai tada shi ba, ya kusanto da ƙarfen dalma mai zafi kusa da abin da yake zargi. Murya na ɗaukewa ya ɗiga masa sifirit da auduga. Ta dawo, to an kama ɓarawo. Wanda ya raina wannan aiki don babu na'ura mai allo a kan teburin bai fahimce shi ba. Gwaji ne cikakke: a canza abu ɗaya, a saurari sakamako, a maimaita.

Gwanin gaske ma kafin ya kwance murfi tambaya yake yi. "Malam, da Asuba yana yi? Da Azahar fa? Lasifika nawa kuka jona masa?" In da rana kaɗai yake ɗaukewa, zafi ne. Sau da yawa laifin ba ya cikin akwatin sam. Lasifika huɗu masu om 8, in an haɗa su baki ɗaya a waya guda, sun koma om 2, alhali om 4 aka ƙera injin ya ɗauka. Ya yi zafi, abin kariyarsa ya yanke, ya huce, ya dawo. Ko shekara zai yi a shago ba za a ga komai ba.

Sai dai sana'ar na da miyagun al'adu, kuma sun yaɗu. Akwai bin bod gaba ɗaya da sabuwar dalma ba tare da an gano tsagar ba. Wani lokaci a dace, wani lokaci zafin ya ɗaga siraran layukan tagulla, a haifi sabon ciwo. Akwai wanke maɓallin murya da fetur, wanda ke kwashe man da ke cikinsa, bayan 'yan makonni kukan ya dawo ya fi na da. Akwai canza taransista a kan zato, a cire ta asali a sa jabu mai ɗauke da sunan Toshiba. Mafi muni shi ne a ga bakin rile ya yi baƙi yana yanke murya, maimakon a sauya shi sai a tsallake shi da guntun waya. Rilen nan shi ke tsare lasifika. Ranar da taransista ta ƙone, wutar kai tsaye za ta bi ta cinye lasifikar jama'a.

Ban ɗora laifin duka a kan masu gyara ba. Mai kaya kayan da aka canza yake biya, yana son a miƙa masa ƙonannen abu a tafin hannu. Wanda ya ƙona fetur yini guda yana jiran injin ya ɗauke, ya gano tsaga ɗaya, ya ɗiga mata dalma, shi ake ce wa, "Haba oga, ai ba ka sa komai ba." Wanda ya cika leda da kafasitoci masu lafiya shi ke karɓar kuɗi mai kauri. Yaron shago na kallo, kuma ya san wanda zai kwaikwaya.

Ya kamata kwamitocin masallatai da na majami'u su saba da biyan kuɗin bincike daban da na kaya, su kuma yarda injin ya kwana biyu a kunne a shago kafin a karɓa. Masu gyara su ma su riƙa manna 'yar takarda a cikin murfi: ranar gyara, abin da injin ke yi, wurin da aka taɓa, da yawan lasifikar da zai iya ɗauka.