Makanikan Injin Jirgin Ruwa a Tafkin Jabi

Injin da ake ratayawa a bayan ƙaramin jirgin ruwa shi ne ya fi cin kuɗi a cikin kayan jirgin. Saboda haka mai son sayen na hannu don yawon shaƙatawa a Tafkin Jabi da ke Abuja, kamar Yamaha mai ƙarfin doki 40, yakan tafi da makanike.

Gwanin makanike ba ya ruɗuwa da sabon fenti. Yakan taɓa injin tukuna, domin idan da ɗumi, mai sayarwa ya riga ya tayar da shi don ya ɓoye wahalar tashi. Ba ya yarda a kunna shi a busasshe; sai an tsoma ƙafar injin cikin durom na ruwa, tunda robar famfon da ke jawo ruwan sanyaya injin tana lalacewa nan da nan in babu ruwa. Daga nan ya zuba ido ga siririn ruwan da ke tsartuwa ta gefe. In ya yi rauni, akwai matsala.

Sai ya kwance ƙusar man giya. Mai da ya koma fari kamar madara alama ce ruwa na shiga. Yakan cire fulogi ya duba launinsu, ya auna matsin kowace silinda, ya juya farfela da hannu don ya ga ko sandarta ta lanƙwashe.

Injin da ya yi aiki a ruwan gishirin Legas kuwa, tsatsarsa a ciki take, kuma irin waɗannan makanikai sukan gano ta daga farin garin da ke taruwa a bakin ƙusoshi.