Diyaucin Ƙasa da Kuɗin Baƙo: Sharhi a Kan Gubar Dalma a Bukkuyum da Anka

A tarurruka irin wannan an saba jin malamai suna kukan cewa hukumomin lafiya na duniya suna shiga gonar da ba tasu ba, watau suna fakewa da kuɗinsu su zartar wa ƙananan ƙasashe hukunci. Kukan ya ƙara ƙarfi tun 2025, shekarar da Amurka ta ba da sanarwar ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu auna ra'ayin da abin da ya auku a gida.

A watan Maris na 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa barkatai a ƙauyukan Bukkuyum da Anka, irin su 'Yargalma da Dareta. Bincike ya nuna dutsen da ake haƙowa don zinariya cike yake da dalma, ga shi kuwa a tsakar gida ake daka shi ana niƙawa, inda yara ke rarrafe. Kimanin yara 400 suka rasu. MSF ce ta buɗe wurin jinya a asibitocin Bukkuyum da Anka, Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka da Hukumar Lafiya ta Duniya suka taimaka da gwaji, sa'an nan TerraGraphics da Blacksmith suka jagoranci kwashe gurɓatacciyar ƙasa.

Ba mu musun cewa baƙin sun yi iko. Alal misali, MSF ta tsaya a kan ba za ta fara yi wa yaran Bagega magani ba sai an tsabtace garin, domin yaron da aka wanke wa jini ya koma cikin ƙurar nan, aikin banza aka yi. Sharaɗi ne mai hujja a likitance, amma dai sharaɗi ne, kuma baƙo ne ya gindaya shi.

To, amma ina mai gida yake? Dokar ma'adinai ta 2007 ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ke nan diyaucin bai taɓa raunana ba a kan zinariyar. A kan gubarta ne ya yi barci. An yi alkawarin naira miliyan 850 don aikin, aka yi shiru. A taron da aka kira a Abuja a watan Mayu na 2012, ministocin lafiya da muhalli da ma'adinai ba wanda ya halarta da kansa. Ba a saki kuɗin aikin Bagega ba sai Janairun 2013, bayan matasan Nijeriya da ƙungiyar Human Rights Watch sun matsa lamba, alhali yara wajen 1,500 na jira.

A ganinmu a nan ne masu wancan ra'ayi suka yi tuya suka manta da albasa. Sun ɗauka ƙwace ikon aka yi, mu kuwa abin da muka gani a Bukkuyum shi ne kujera aka bari babu kowa, wanda ya zo da magani ya zauna. Haɗarin da ya fi cancantar nazari ma ba zuwan baƙon ba ne, tafiyarsa ce, tun da kuɗinsa na da wa'adi, kuma ba a majalisar dokokinmu ake yanke wa'adin ba. A Fabrairun 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomin Jihar Zamfara, bayan kusan shekara 12 tana riƙe da shi.