Kara-Kara a Majigi: Gardamarmu Kan Fim Ɗin Zinder

Mu huɗu ne muke fita kallo tare, kuma ƙa'idarmu guda ce: ba a cewa uffan kan fim sai an zauna an ɗora shayi. Tun da aka buɗe CanalOlympia a Yamai a 2017 muka farfaɗo da wannan al'ada, bayan shekarun da zuwa silima ya zama labarin da yayyenmu ke ba mu. Yawanci finafinan Amurka ne ko na Faransa. A yi dariya, a ce jarumi ya burge, kafin shayi na biyu an koma zancen ƙwallo. Daren da muka kalli Zinder na Aicha Macky ne kaɗai aka karya ƙa'idar. Ko bakin titi ba mu kai ba abokinmu ɗan Damagaram ya ce, "Wallahi baiwar Allahn nan ta kai mu kasuwa ta kwance mana zani."

Ga wanda bai gani ba, fim ne na gaskiya, ba wasan kwaikwayo ba, ya fito a 2021. Mai shi haifaffiyar Damagaram ce, ilimin zamantakewa ta karanta, kuma ita ce ta yi fim ɗin nan na 2016 kan matan da ba su samu haihuwa ba, inda ta fara da nata ciwon kafin ta taɓa na wasu. A wannan karon ta shiga Kara-Kara, unguwar da aka ware wa kutare a gefen gari tun zamanin da, ta bi matasan ƙungiyoyin da ake kira pale. Kalmar ta Faransanci ce, ma'anarta fada, wato sunan da mu ma muke kiran wurin shan shayinmu. Mutum uku ta riƙe: Siniya Boy, mai ɗaga ƙarfe, da ke neman haɗa abokansa su kafa kamfanin gadi, Bawo, tsohon shugaban pale da ya koma haya da abin hawa, sai Ramsess, mai fasa ƙwaurin man fetur.

Ƙorafin abokina na farko a kan suna ne. Ya ce unguwa ɗaya aka ɗauka, me zai sa a liƙa mata sunan gari sukutum? Ina Birni, ina fadar Sarki, ina tarihin Tanimun, ina garin da ya riƙe mulkin Nijar har 1926 kafin a maido hedikwata Yamai? Baturen da ya kalli fim ɗin a bikin finafinai, in ya ji an ce Zinder, adda da tabo kawai zai tuna. Na ba shi rabin gaskiya a nan, don suna ba ƙaramin abu ba ne, kuma wanda ya yi nisa ba ya tantance unguwa da gari. Sai dai da na kwana da zancen na ga cewa da gangan ta yi. Kara-Kara ba daga sama ta faɗo ba. Garin ne ya ture marasa lafiyarsa can, ya juya baya, jikokinsu suka tashi ba lakol, ba sana'a, sunan unguwarsu kaɗai ya isa a rufe musu ƙofa. Da ta kira fim ɗin Kara-Kara, da ta ba mutanen cikin gari damar cewa wannan ai matsalar waɗancan ce.

Abu na biyu shi ne tutar. Fim ɗin ya buɗe da babur da tuta mai alamar Hitler, domin sunan da ƙungiyar su Siniya ta ɗauka ke nan. Da aka ji bayaninsu sai ga shi a zatonsu wani jarumi ne na Amurka da ba a iya kayar da shi. A zauren mutane sun yi dariya, mu ma mun yi, don mun saba ganin sunaye iri-iri a jikin kabu-kabu waɗanda masu su ba su san asalinsu ba. Amma ina da zargi a nan, kuma ban janye shi ba. Da kuɗin Faransa da Jamus aka haɗu aka yi fim ɗin, kuma wannan tuta ƙugiya ce da aka jefa wa mai kallo na can, wanda gabansa zai faɗi tun minti na farko. Abin da ya cece ta shi ne ba ta daɗe a kai ba. Ta nuna, ta bar jahilcin ya bayyana kansa, ta wuce.

Inda fim ɗin ya kama ni shi ne tabo. Kyamara takan tsaya a jikin mutum, kusa ƙwarai, ta bi sawun sara da yanka a hankali kamar mai karatun allo. Mu da muka tashi da finafinan Kano mun saba da ɗan daba iri biyu: wanda zai mutu a ƙarshe don a yi wa'azi da gawarsa, da wanda zai tuba cikin minti uku bayan malam ya yi masa nasiha. A nan babu ko ɗaya. Ga ƙato mai ƙirji kamar bango yana lissafin yadda zai samu kuɗin kayan aikin gadi, ga abokai a gidan kaso, ga gobe da ba ta da bambanci da jiya. Kuma da Hausa suke magana, Hausar Damagaram tsantsa, da baƙar maganarta da zolayarta. Na riƙa satar kallon fassarar Faransancin da ke ƙasa, ina ganin yadda magana mai yaji take komawa lami. Wannan karon mu ne muka ji fim kai tsaye, baƙo ya bi ta tafinta, abin da ba kasafai yake faruwa da mu a wannan zaure ba.

Sashen Ramsess kuwa duk cikinmu ba wanda ya iya ɗaga murya. Matatar mai tana nan kusa da garin tun 2011, amma a lokacin da aka ɗauki fim ɗin man da ake haurowa da shi daga Najeriya ya fi araha, kuma a kan wannan ratar gidaje da yawa suka riƙa cin tuwo. Wa ke saye? Mu. Kowa a cikinmu ya taɓa tsayawa gaban kwalaben ruwa-ruwa a bakin titi.

Sai da shayi na uku ya zo Malama ta yi magana. Matar ɗayanmu ce, tana koyarwa a lakol, kuma ba ta cika shiga gardamarmu ba. Ta ce, "Duk kun tsaya kan sunan gari da tuta. Ni Bawo ne ya hana ni sakat." Bawo ya zauna gaban kyamara ya faɗi abin da suka aikata da bakinsa, har da abin da suka yi wa ƴan mata, ana ganin nadama a fuskarsa, kuma mai kallo yana fita da tausayinsa. Malama ta ce ita ma ta tausaya masa, abin da ya ba ta haushi ke nan. Ina waɗancan ƴan matan? Shi an ba shi fili ya sauke nauyin ƙirjinsa, duniya ta ga ya canza. Su suna wani gida, wataƙila da aure, wataƙila ba a taɓa tambayarsu ba. Ta ce ko a addini tuba tsakanin bawa da Ubangijinsa daban, haƙƙin wanda aka zalunta daban.

A ganina nan ne raunin fim ɗin na gaske, ba inda abokina ya nuna ba. Akwai mata a ciki, an ji wahalar masu zaman kansu da dukan da suke sha, amma ma'aunin ya rinjaya wajen maza. Na san uzurin: wace mace ce a garinmu za ta zauna gaban kyamara ta ce ni ce? Kuma shekarun da mai fim ta yi tana neman amincewar waɗannan samari su ne suka buɗe mata ƙofa, su ne kuma suka ɗaure mata hannu, don wanda ka ci abinci a gidansa da wuya ka tsananta masa tambaya. Duk da haka uzuri bai cike gurbin ba.

Abokina bai sauka daga bakansa ba, har yanzu yana cewa da wani suna aka sa. Da muka tashi Malama ta tambaye shi, "Malam, shekara nawa ka yi a Damagaram?" Ya ce ashirin da shida. Ta ce sau nawa ya shiga Kara-Kara. Ya daɗe yana juya kofin shayi a hannu, sannan ya ce tun suna yara mahaifiyarsu ta hana su bin ta wajen, kuma bai taɓa tambayarta dalili ba.