Da Bakin Wa Ake Magana? Tarken Bidiyon Matasan Kwarin Rima

A 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, mai son shirya bidiyo sai ya nemi kyamara da kaset da mai tace hoto, sannan ya bi 'yan kasuwa su saya. A yau matashi a Taloka, cikin ƙaramar hukumar Goronyo, yana riƙe da waɗannan duka a wayar hannunsa. Wannan maƙala ta dubi gajerun bidiyoyin barkwanci da sababbin shiga daga Goronyo da Wurno da Rabah ke ɗorawa a TikTok da Facebook da YouTube, domin a gano inda gizo ke saƙa.

Adalci ne a fara da wahalhalun da ke bayyane. Wutar lantarki ba ta da tabbas, don haka waya kan wuni a shagon mai caji. Kuɗin data na cin ɗan abin da aka samu a gona. YouTube ba ta raba kuɗin talla da mai tasha sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kuma miliyoyin kallo a gajerun bidiyoyi. Ga kuma matsalar tsaro: a Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Goronyo da Rabah, kuma a watan Oktoba 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo. Wanda ya fitar da bidiyo a irin wannan hali ya cancanci yabo.

Sai dai raunin da ya fi damun mai nazari yana cikin zubin wasan ne. A yawancin waɗanda na kalla, taurari biyu ne: ɗan birni mai wayo da ɗan ƙauye wawa. Mai wayon yana magana da Kananci. Wawan ne ake bar wa Sakkwatanci: shi ke cewa "mi" da "awa" da "munka taho", shi ake damfara, shi ake yi wa dariya. Wannan rabo aro ne daga finafinan Kano, inda aka daɗe ana amfani da karin harshen yamma don raha. Idan Bakano ya yi haka, ana iya kiransa wasan da ke tsakanin garuruwa. Idan ɗan Taloka ya yi, harshen mahaifiyarsa ya mayar abin ba'a, kuma ƙannensa da ke kallo suna koyon jin kunyarsa.

Haka abin yake ta fuskar wuri. Ana ɗaukar hoto a gaban bango mai fenti ko jikin motar aro, ana motsa baki bisa muryar wani. A bayan mai ɗaukar kuwa akwai madatsar ruwa ta Goronyo a kan kogin Rima, da fadamun albasa da tafarnuwa da shinkafa, da hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, da Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello. Cinikin manomin albasa da dillali lokacin da kaya suka cika kasuwa, farashi ya faɗi, ga bashin taki na jira, ya ƙunshi rikici da ban dariya da ban tausayi fiye da duk wasan aron da aka ambata. Jigo yana ƙofar gida, ana tsallake shi.

Matashin na iya cewa masu kallo sun fi yawa a Kano da Kaduna, kuma manhaja abin da ake yayi take turawa gaba. Akwai gaskiya a ciki, kuma kwaikwayo matakin farko ne na kowane koyo. Amma kwaikwayon Kano gasa ce da dubban 'yan Kano waɗanda suka fi shi kayan aiki, kuma harshen nasu ne. Makaɗa Ibrahim Narambaɗa na Tubali da Sakkwatanci zalla ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa, kuma har yau ana saurarensa a duk ƙasar Hausa, ana nazarinsa a jami'o'i. Karin harshen bai rage masa masu sauraro ba. Shi ne ma gishirin waƙar.

Wannan yana da nasaba da kayan aiki. Sabon shiga kan tara kuɗi don waya mai kyan hoto, ya manta da sauti. Alhali karin harshe a kunne yake rayuwa, kuma iskar fadama na iya cinye zance mai daɗi. Ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga ya fi masa amfani, kuma ya fi araha.

Wutar lantarki da tsaro suna hannun hukuma. Zaɓen wanda zai yi magana da Sakkwatanci a cikin wasa kuwa yana hannun matashin. A bidiyonsa na gaba, ya gwada bai wa mai hankali wannan harshe, ya kuma juya wayar ta fuskanci fadama.