Rubutun Bulo-bulo a Allunan Gwallameji

Duk wanda ya bi hanyar Dass daga ƙofar Foli ya gangaro cikin unguwa a 'yan watannin nan, ba zai rasa ganinsa ba: wani rubutu mai lungu-lungu, kamar an jera bulo aka tayar da harafi. Ya faro daga shagunan gyaran waya da gidajen gem, ya shiga allon masu aski da masu POS, yanzu har a katin ɗaurin aure mun gan shi. Yaran da ke zane a kwamfuta suna ce masa fiksel. Mu da muka riƙe Nokia 3310 lokacin da GSM ta shigo ƙasar nan a 2001 kuwa, ai mun san shi tun ba a haifi wasunsu ba.

Asalinsa ba ado ba ne, dole ce. Fuskar 3310 ɗigo 84 ne a kwance, 48 a tsaye, to a cikin wannan ɗan fili za a cusa saƙo da lamba da wasan maciji. Kowane harafi 'yan ɗigogi kaɗan yake samu, babu wurin lanƙwasa. Irin wannan ƙunci ne Susan Kare ta yi fama da shi a Amurka lokacin da ta zana haruffan Chicago na kwamfutar Macintosh ta 1984. Yau wayar hannu tana da ɗigo sama da miliyan. Wanda ya ɗauko rubutun nan yanzu ba rashi ya sa shi ba, kewar da ce, ko kuma ya ga ana yayi.

Ba mu ƙi shi ba fa. A ƙofar gidan gem ya zauna daram, tun daga nesa yaro ya san abin da ake yi a ciki. A shagon gyaran waya ma haka. Kuma idon Bahaushe ba baƙon wannan tsari ba ne. Mai ɗinkin hula zare yake ƙirgawa gida-gida kafin zane ya fito, mai saƙar tabarma ma da murabba'i take fitar da adonta. Da yaranmu za su ɗauki hular kakansu su duba da kyau, da sun ga an riga su.

Inda muke da magana shi ne ƙugiya. Yawancin haruffan nan da ake saukewa kyauta daga intanet, waɗanda suka zana su ba su san da ƙ da ɗ da ɓ ba. Sai mai zane ya buga harafin a CorelDRAW ya ga akwati fanko, ko kuma kwamfuta ta aro masa ƙ daga wani salon daban, siriri mai santsi, ya tsaya tsakiyar bulo kamar bare a gidan biki. Mafi yawa sai su share ƙugiyar su huta. Haka aka kafa bana a wata walima a nan unguwar, an rubuta da manyan baƙi: MARABA DA BAKI. Dattawa suka yi ta dariya wai lallai an san abin da ya kawo mutane. An yi dariya, amma mai walimar kuɗinsa ya biya. Wani allon kuma ya ce DARI BIYAR. Tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, masu ɗab'i suke wahalar samar wa waɗannan haruffa gurbi. Ba ma so a ce a hannun 'ya'yanmu suka zube, don kawai kwalliya.

Kuma abin ba gagara ya yi ba. Harafin fiksel shi ne mafi sauƙin gyara, tunda murabba'i ne zalla: ka ƙara biyu a saman k ko b, ƙugiya ta fito. Ɗ ne kawai mai ɗan taurin kai, saboda sandarsa tana can ƙarshen dama, sai ka matse cikin harafin ko ka ƙara masa layi guda. Aikin minti biyar ne. Wani yaro mai shagon buga takardu ya yi wa allon mai shayi haka, ya rubuta ƘWAI DA BURODI, ƙugiyar ta fito ras.

Sai batun karantuwa. Rubutun nan na suna ne, kalma ɗaya ko biyu, manya. Amma a rubuta lambar asusu da shi, 8 ta yi kama da B, 5 ta yi kama da 6, ga tsoho yana leƙe da magariba zai tura kuɗi? Haba. Katin ɗaurin aure kuma, sunan ango da amarya da waliyyai duk a bulo-bulo kamar rasit ɗin POS, wallahi bai dace ba. Tsofaffin masu rubutun allo da buroshi, waɗanda injin bana ya kusa raba su da sana'a, kafin su tsoma buroshi a fenti sai sun tsallaka titi sun dubi bangon daga inda mai Keke zai hango shi. Mai kawo aiki ma yana da haƙƙin ya ce a nuna masa a takarda, ya ja baya taku goma ya karanta, kafin a kai inji.